Amsoshin Tambayoyinku: Kumbo, Zanga-zanga da Kotun Ƙoli, Ina Masu Ra'ayin Riƙau na Amurka Suka Dosa?

Tambaya: Ina koyar da darasin harkokin gwamnati a wata sakandare, kuma ina yawan bin labaran Amurka a rediyo. Akwai abin da ke ɗaure mini kai game da mutanen da ake kira masu ra'ayin riƙau, ko 'yan mazan jiya. Kullum suna cewa gwamnati ta rage kashe kuɗi, amma ga su suna goyon bayan tura kumbo duniyar wata. Suna zagin masu zanga-zanga, alhali mutanensu ne suka kutsa majalisa a 2021. Da can suna kukan alƙalai sun yi ƙarfi, yanzu kuwa su ne ke murna da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli. Shin aƙida gare su, ko baki biyu ne kawai? Ɗalibaina sun tambaye ni, na rasa ta cewa. Daga wani malami a Funtuwa, Jihar Katsina.

Amsa: Ɗaliban nan naka sun iya tambaya. Akwai aƙida, akwai kuma baki biyu, sau da yawa ma a bakin mutum ɗaya za ka tarar da su. Sai dai kafin ka kai musu wannan, fara warware musu wani ruɗani da fassara ta jawo mana. Bahaushe in ya ji "mai ra'ayin riƙau", dattijo yake hangowa mai riƙo da addini da al'adar kaka da kakanni. A Amurka wannan dattijon ɗaki ɗaya kawai yake da shi a gidan.

Gidan yawa ne. Akwai sashen masu kasuwa, waɗanda burinsu a rage haraji, gwamnati ta cire hannu daga cinikin mutane. Akwai sashen masu addini, galibinsu Kiristoci 'yan Ibanjelika da Katolika, da batun zubar da ciki da aure da tarbiyyar yara ke hana su barci. Akwai kuma masu son ƙarfin soja. Ba jini ɗaya ba ne, tsoron kwaminisanci ne ya tara su a zaure guda, kuma mujallar National Review da William Buckley ya kafa a 1955 ta yi aiki sosai wajen ɗinke su, har Ronald Reagan ya hau mulki da ƙuri'unsu a zaɓen 1980. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, igiyar da ta ɗaure su ta yi sako-sako. Sai ga Donald Trump a 2016 ya shigo da wani sabon sashe, na masu jin haushin manyan Washinton, da baƙin haure, da cinikin da ya kwashe masana'antu zuwa Sin. Wannan sashen shi ke riƙe da makullin gidan yanzu. To in ka ji maganganu biyu masu karo da juna, fara tambaya tukuna daga wane ɗaki kowace ta fito. Wani lokaci hakan ya isa bayani. Inda bai isa ba, nan labarin yake da daɗi, kuma babu inda ya fi nuna shi kamar batun kumbo.

Hukumar NASA ɗan jam'iyyarsu ta Republican ne ya kafa ta, Shugaba Dwight Eisenhower, a 1958, bayan Sobiyet ta ba Amurka kunya da harba tauraron Sputnik a watan Oktoba na 1957. Amma Eisenhower mutum ne mai tsumulmular kuɗin gwamnati. Da magajinsa John Kennedy ya yi alkawari a watan Mayu na 1961 cewa Amurka za ta sauke mutum a duniyar wata kafin shekarun 1960 su ƙare, tsohon janar ɗin bai ɓoye ba, ya ce ɓarnar dukiya ce don neman suna. Sanata Barry Goldwater, wanda shi ne uban riƙau na zamani kuma ɗan takarar jam'iyyar a 1964, shi ma ya soki tseren, ya fi son kuɗin ya tafi ga amfanin soja a sararin samaniya. Ba kuɗi kaɗan ba ne: a 1966 NASA ta lashe fiye da kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin tarayya, shirin Apollo kuma ya ci kusan dala biliyan 25 na wancan zamani. Yau hukumar ba ta samun ko rabin kashi 1 cikin 100. Richard Nixon ne ke mulki da Neil Armstrong ya taka wata a ranar 20 ga Yuli, 1969, ya sha yabon, sannan a zamaninsa aka soke tafiye-tafiye uku na ƙarshe da aka tsara. Tun Disamba na 1972 babu wanda ya sake taka ƙasar wata.

Bari in ɗan ratse, don ɗalibanka za su so jin wannan. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a wajen birnin Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da aka jera a faɗin duniya don sauraron 'yan sama-jannatin shirin Mercury in sun gifta ta sama. A watan Agusta na 1963 kuma Kennedy ya yi magana ta tarho da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Legas. Tseren nan ya taɓa ratsawa ta ƙofar gidanmu.

Kada kuma ka ɗauka masu riƙau kaɗai suka yi ƙorafin kuɗin. Ana gobe za a harba Apollo 11, Rabaran Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya iso bakin sansanin harba rokoki na Fulorida da iyalan talakawa baƙar fata, suna jan amalanke da alfadarai. Saƙon a fili yake: ga ƙasa mai aika mutum wata, ga 'ya'yanta na kwana da yunwa. Shugaban NASA Thomas Paine ya fito ya same su a filin, ya shaida musu cewa da ƙin danna maɓallin zai magance talaucinsu, da ba za a danna ba, sannan ya gayyaci wasunsu su kalli tashin rokar. Ka lura da bambancin kukan. Na hagu yana cewa a kai kuɗin ga matalauta, na dama yana cewa a bar shi a aljihun mai biyan haraji, ko a ba soja.

Me ya sa to yawancinsu suka koma masoya kumbo? Gasa da abokin gaba. Mai ra'ayin riƙau na Amurka bai taɓa cewa gwamnati ta rage ƙarfi a kan tsaro da martabar ƙasa ba. A kan tallafin jama'a da dokokin kasuwa yake nufi. Reagan ya ƙaddamar da shirin kakkaɓo makamai masu linzami daga sama a 1983, ya ba da umarnin gina tashar sararin samaniya a 1984. A 2011 ɗan majalisa Frank Wolf ya saka sharaɗi a dokar kasafi da ya hana NASA haɗa gwiwa kai tsaye da Sin sai da izini. A Disamba na 2019 Trump ya kafa rundunar sojan sararin samaniya. Jiya Rasha ce, yau Sin. Ɓangaren NASA da ba sa ƙauna shi ne na taurarin da ke auna ɗumamar duniya. Sanata Ted Cruz ya taɓa titsiye shugaban hukumar a majalisa a 2015 kan cewa aikinta leƙa sama ne, ba leƙa ƙasa ba. Har nan, za ka iya ƙin yarda da su, amma maganar tana bin layi ɗaya.

A 2010 ne layin ya karye. Shugaba Barack Obama, ɗan Democrat, ya soke shirin rokar gwamnati mai suna Constellation da George Bush ƙarami ya fara, saboda ya wuce kasafi kuma ya makara. Ya ce gwamnati ta daina ƙera motar kai 'yan sama-jannati tashar sama, ta riƙa biyan kamfanoni kuɗin mota kamar yadda fasinja ke biya a tasha. Malam, in da za ka rufe sunan mai shawarar ka karanta wa ɗalibanka, za su rantse Reagan ne ya rubuta ta. Ai wannan ita ce wa'azin kasuwa da masu riƙau suka shekara hamsin suna yi. Wasu kuwa sun gane kayansu, tsohon kakakin majalisa Newt Gingrich ya fito ya yaba. Amma wanda ya fi kowa tada jijiyar wuya a kan shirin shi ne Sanata Richard Shelby na Alabama, riƙaƙƙen ɗan Republican. Dalili bai ɓuya ba: a birnin Huntsville na jiharsa cibiyar NASA mai tsara rokoki take, da dubban ma'aikata da 'yan kwangila. Cibiyar 'yan sama-jannati tana Houston a Texas, ana harhaɗa gangar roka a Luwiziyana, ana gwada injuna a Misisipi, ana yin rokokin gefe a Utah. Duk jihohi ne da Republican ke da ƙarfi.

Majalisa ta taru, da hannun sanatocin jam'iyyun biyu, ta tilasta wa NASA ƙera wata sabuwar ƙatuwar roka mai suna SLS, da injunan tsohon kumbon da ke kai 'yan sama-jannati tashar sama, da tsofaffin 'yan kwangila irin su Boeing. Masu tsegumi suka laƙaba mata "rokar sanatoci". Doka ta ce ta kasance a shirye a ƙarshen 2016. Ba ta tashi ba sai Nuwamba na 2022. Babban mai binciken kuɗi na NASA ya ƙiyasta cewa kowane tashi ɗaya, in an haɗa da kumbon da ke kanta da kayan ƙasa, zai ci dala biliyan 4.1, kuma rokar ba ta dawowa, teku take faɗawa. A tsakanin nan, daga 2011 da aka yi wa tsohon kumbo ritaya, Amurka ta shafe shekara tara tana sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, har farashin kujera ɗaya ya haura dala miliyan 80. Kamfanin SpaceX na Elon Musk kuwa tun Disamba na 2015 ya fara dawo da gindin rokarsa ya sauka a tsaye, a sake amfani da shi. Ko a 2025, da gwamnatin Trump ta nemi zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin NASA tare da jingine SLS bayan tashi na uku, Cruz na Texas ne ya cusa kusan dala biliyan 10 a wata doka don ceto ta da sauran shirye-shiryen. A ganina wannan ba ya buƙatar dogon tafsiri. Aƙida ta haɗu da tuwon mazaɓa, tuwo ya yi nasara. Kowa ya san ɗan majalisar da ke wa'azin tsuke bakin aljihu har ranar da aka zo soke aikin da ke ƙauyensu.

Ranar 30 ga Mayu, 2020, rokar SpaceX ta ɗaga daga Fulorida da 'yan sama-jannati biyu, Bob Behnken da Doug Hurley, karon farko da kamfani mai zaman kansa ya kai mutane falaki. Trump yana wurin yana tafi. A daren ranar kuwa birane da dama na ci da wuta, domin kwana biyar kafin nan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis har rai ya yi halinsa. Gidajen talabijin suka riƙa raba allo biyu, roka a gefe, hayaƙi a gefe. Kamar dai alfadaran Abernathy sun dawo bayan shekara 51.

A kan zanga-zanga, abin da mai ra'ayin riƙau zai gaya maka shi ne ba ya gaba da ita. Gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana, kuma su ma suna fita. Tun Janairun 1974 masu adawa da zubar da ciki ke yin maci a Washinton kowace shekara cikin tsananin sanyi. A 2009 ƙungiyar Tea Party ta cika tituna kan haraji da bashin gwamnati, ta aro sunanta daga turawan da suka zubar da ganyen shayin Ingila a tashar ruwan Boston a 1773, wanda shi kansa ɓarnar dukiya ce in za a faɗi gaskiya. Iyakar da suke ja ita ce tsakanin zanga-zanga da tarzoma: toshe hanya, ƙona shago, jifan ɗan sanda. Tushen wannan tunani tsoho ne, yana komawa ga Edmund Burke da ya ga juyin juya halin Faransa ya yi gargaɗi a 1790 cewa rushe tsari ya fi gina shi sauƙi. Nixon ya ci zaɓen 1968 da alkawarin doka da oda bayan biranen Amurka sun sha ƙone-ƙone. Kuma hujjar tana da nauyi. Yawancin jerin gwanon 2020 cikin lumana aka yi su, amma ɓarnar da aka yi a sauran ta jawo wa kamfanonin inshora asarar da aka ƙiyasta tsakanin dala biliyan 1 zuwa 2, kuma da yawa daga shagunan da aka ƙone na ƙananan 'yan kasuwa ne, har da baƙar fata da baƙi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tokar rumfarsa ya san ba ya tambayar me masu wutar ke nema. Sanata Tom Cotton ya rubuta a jaridar New York Times cewa a turo soja, jihar Fulorida kuma ta yi dokar tsaurara hukuncin tarzoma a 2021.

Sai ga 6 ga Janairu, 2021. Magoya bayan Trump suka fasa tagogi suka kutsa ginin majalisa don hana tabbatar da zaɓen Joe Biden, aka jikkata 'yan sanda kusan 140. In doka da oda aƙida ce, ga ranar gwada ta. Wasu sun ci jarrabawar. 'Yan majalisar wakilai 10 na Republican sun kaɗa ƙuri'ar tsige Trump, sanatoci 7 suka ce yana da laifi. Liz Cheney, 'yar tsohon mataimakin shugaban ƙasa, wadda babu mai shakkar riƙaunta, ta zauna a kwamitin bincike, kuma ta biya da kujerarta a zaɓen fitar da gwani na Wyoming a 2022. Jagoran sanatocinsu Mitch McConnell ya ƙi kaɗa ƙuri'ar kama shi da laifi, ya kuma miƙe a ranar ya ce alhakin abin na wuyan Trump. Ka ga mai son ya ci naman kuma ya tsira da alwalarsa. Mafi yawa dai sannu a hankali suka sauya harshe, masu kutsen suka tashi daga 'yan tarzoma suka zama fursunonin siyasa. Ranar da Trump ya koma mulki, 20 ga Janairu, 2025, ya yi wa kusan mutum 1,500 afuwa ko sassauci, har da waɗanda aka samu da dukan 'yan sanda. Watanni biyar bayan haka ya tura dakarun tsaron jiha 4,000 da sojan ruwa 700 birnin Los Angeles kan masu zanga-zangar kamen baƙi, ba da yardar gwamnan jihar ba, alhali 'yancin jihohi na cikin tsofaffin karatun gidan. Haka mutanen da suka shekara goma suna kukan jami'o'i na toshe bakin masu ra'ayinsu, da yawansu suka yi tafi da aka kama Mahmoud Khalil, jagoran ɗaliban da suka yi zaman dirshan kan Gaza a Jami'ar Columbia, a watan Maris na 2025, ba tare da an tuhume shi da aikata wani laifi ba. Kada dai ka bar ɗalibanka su ɗauka wannan ciwo na ɓangare ɗaya ne. 'Yan Democrat da suka yi ta neman uzuri ga ƙone-ƙonen 2020 su ne suka fi kowa kiran a tsananta hukunci a 2021.

Akwai mutum ɗaya da nake so ka ba su labarinsa, don shi zai kai mu kotu. A 1984 wani matashi, Gregory Johnson, ya ƙona tutar Amurka a wajen babban taron jam'iyyar Republican a Dallas. Texas ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1989 alƙalai 5 cikin 9 suka ce ƙona tuta magana ce, kuma kundi ya kare magana. Cikin biyar ɗin har da Antonin Scalia, wanda Reagan ya naɗa, gwarzon masu riƙau. Ya sha faɗa daga baya cewa da shi sarki ne da ya jefa masu ƙona tuta a kurkuku, amma shi ba sarki ba ne. Wannan shi ne abin da suke nufi da aƙidarsu ta shari'a in tana aiki yadda ya kamata.

Asalin rigimarsu da kotu ya faro ne daga zamanin Alƙalin Alƙalai Earl Warren, wanda, abin dariya, Eisenhower ne ya naɗa shi a 1953. Kotunsa ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe a 1954, ta hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati a 1962, ta wajabta wa 'yan sanda sanar da wanda suka kama haƙƙinsa a 1966. Bayan tafiyarsa, a 1973, shari'ar Roe ta mai da zubar da ciki haƙƙi a duk faɗin ƙasar. Masu riƙau suka ce alƙalai tara da ba wanda ya zaɓa, masu zama har mutuwa, sun ƙwace aikin majalisa, suna karanto abin da babu shi a kundi. Dole a faɗa, wani ɓangare na wannan fushi a kudancin ƙasar fushin rasa wariyar launin fata ne, ko da jikokinsu ba sa son a tuna. Maganin da suka kawo shi ne a fassara kundi yadda mutanen zamanin rubuta shi suka fahimce shi. In ana son sabon haƙƙi, a je a gyara kundin ko a ci zaɓe. Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan baƙo ba, ya san muhawarar mai tsayawa kan zahirin nassi da mai duba maslahar zamani.

Ba su tsaya ga surutu ba. A 1982 ɗaliban lauya suka kafa ƙungiyar Federalist Society, ta zama makarantar renon alƙalai. Suka sha kaye a 1987 da majalisa ta ƙi amincewa da Robert Bork, suka haɗiye, suka ci gaba. Da Scalia ya rasu a Fabrairun 2016, McConnell ya ƙi ko sauraron Merrick Garland da Obama ya zaɓa, wai shekarar zaɓe ce, a bar jama'a su yanke. A Oktoban 2020, saura kwana takwas zaɓe, shi ɗin dai ya tabbatar da Amy Coney Barrett. Da ita da Neil Gorsuch da Brett Kavanaugh, Trump ya naɗa uku, rinjaye ya koma 6 da 3. Noman shekara arba'in ya isa girbi.

Girbin kuwa ya zo a jere. A Yunin 2022 shari'ar Dobbs ta rushe Roe, ta mayar da batun zubar da ciki hannun jihohi. A 'yan kwanakin nan ne kotun ta soke dokar New York mai taƙaita yawo da bindiga, ta kuma ba wani kocin ƙwallo gaskiya kan addu'ar da yake yi a tsakiyar fili. A 2023 ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a Harvard da sauran jami'o'i, muhawarar da duk wanda ya san rigimar kason gurabe a Najeriya zai gane ɗanɗanonta. Su a wurinsu wannan ba ƙarfin alƙalai ba ne, mayar da kayan aro ne ga masu shi. A kan Dobbs hujjar ta zauna daram, tunda jama'a aka mayar wa magana, har jihar Kansas mai ra'ayin riƙau ta kaɗa ƙuri'a a Agustan 2022, kusan kashi 59 cikin 100 suka ƙi a cire kariyar zubar da ciki. A kan bindiga da jami'o'i kuwa kotun ce ta take abin da zaɓaɓɓu da hukumomi suka tsara, wato abin da aka zargi Warren da shi.

Shari'ar da ta fi ba ni sha'awa ta masunta ce. Hukumar kula da kamun kifi ta ce jiragen wasu masunta na New Jersey su ɗauki jami'in sa ido, kuma su za su biya shi, kimanin dala 700 a rana, alhali dokar majalisa ba ta faɗi haka ƙarara ba. A Yunin 2024 kotu ta yi amfani da ƙararsu ta rushe wata ƙa'ida ta 1984 mai suna Chevron, wadda ta ce in doka ta yi harshen damo, alƙali ya bi fassarar hukuma. Masu riƙau suka yi biki, an karya ƙahon ma'aikatan gwamnati. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙa'idar nasara ce ta gwamnatin Reagan, Scalia ya daɗe yana kare ta, kuma dokar da ta haifar da shari'ar ta fito ne daga hukumar muhalli lokacin da Anne Gorsuch ke shugabanta, mahaifiyar alƙali Gorsuch da ya fi kowa ɗokin binne ta. Sanda hukumomi ke hannunsu, alƙalai na hannun abokan hamayya, sun so a bi hukuma. Da abin ya juya, fatawa ta juya. Kwana uku bayan haka kotun ta ce shugaban ƙasa na da rigar kariya daga tuhuma kan ayyukan ofis, kariyar da babu inda kundi ya ambace ta, har tsohon alƙali Michael Luttig, ɗan gidan, ya fito ya yi tir.

Mai karatu Musulmi zai so ya san ina shi yake a wannan lissafi, kuma amsar ba ɗaya ba ce. Rinjayen masu riƙau ne ya amince a 2018, da ƙuri'a 5 da 4, da dokar Trump ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga Amurka, yawancinsu na Musulmi, jerin da Chadi ta taɓa shiga na wasu watanni. Rinjayen nan ne kuma a Yunin 2025 ya ba wasu iyaye a Maryland gaskiya, waɗanda sunan Musulmi ne a kan ƙararsu tare da Kiristoci, cewa suna da ikon janye 'ya'yansu daga darasin littattafan da ke nuna auren jinsi.

Kuma alƙalan ba kullum suke bin wanda ya naɗa su ba. Gorsuch ne ya rubuta hukuncin 2020 da ya hana korar ma'aikaci don ɗan luwaɗi ne, sashen masu addini suka yi kamar su haɗiye zuciya. A Disambar shekarar kotun ta yi watsi da ƙarar da Texas ta shigar don soke sakamakon zaɓe a jihohi huɗu, alƙalan Trump uku ba wanda ya ɗaga masa yatsa. A shari'ar Fischer ta 2024, kan ko wata dokar hana lalata takardun shaida ta hau kan masu kutsen majalisa, Ketanji Brown Jackson da Biden ya naɗa ta bi masu cewa ba ta hau ba, Barrett da Trump ya naɗa ta rubuta cewa ta hau. Wannan ne ya sa sabon sashen gidan ya fara yi wa alƙalan nasu kallon hadarin kaji. A watan Maris na 2025 Trump ya nemi a tsige alƙali James Boasberg saboda ya dakatar da jiragen kwashe baƙi zuwa El Salvador. Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda Bush ƙarami ya naɗa a 2005, ya fitar da 'yar gajeriyar sanarwa a ranar, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce fiye da shekara 200 an san ba a tsige alƙali don an ƙi jinin hukuncinsa, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara.